Ta Wane Kunne Ta Fi Ji?

Ranar da Auta ba ta zuwa aiki, ranar ce gidan nan yake cika da magana. Da hantsi tana zaune a ƙasan falo, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura saboda tsayuwar guga, 'yarta Ɗigo na kwance a cinyarta tana wasa da murfin kwalba. Mama na kan kujerarta ta kullum a bakin taga, tana murza man zafi a gwiwa. Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, kuma tun kafin a yi sallama turare ya riga mai shi shigowa. Yaya ce, babbar 'yar Mama, wadda Allah ya ba miji mai hali, ita kuma ba ta barin kowa ya manta da hakan.

Shekara huɗu ke nan da mijin Auta ya rasu, ya bar ta da wannan yarinya da ake kira Ɗigo saboda ƙanƙantar da aka haife ta da ita. A shekarar nan dai zazzaɓi mai zafi ya tafi da jin kunnen yarinyar na dama gaba ɗaya, ya bar mata rabi a na hagu. Yanzu shekararta shida, tana saƙale da 'yar na'urar ji a bayan kunnen hagun, mai cin batir kamar me. Manema sun zo wa Auta, ba a ce ba su zo ba. Sai dai duk wanda ya ga na'urar nan, ya ga sai an maimaita wa yarinya magana sau biyu, sai ka ji wata tafiya ta taso masa, daga nan kuma ko a waya ba a sake jin sa.

Shi ya sa Auta ta yanke shawarar neman miji ta manhajar waya. Ba ta yi a ɓoye ba. Ta faɗa wa Mama, Mama ta yi salati, ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta kira Yaya. Auta ta zaci faɗa za a yi mata. Ashe Yaya ba neman ta ƙi ba, wurin neman ne bai yi mata ba.

Ita kuwa Auta ba da ka ta yi zaɓinta ba. Sati biyu ta yi tana bincike a lokacin hutun cin abinci, a shagon wanki da guga inda take aiki. Akwai manhajar da take kyauta, amma kwana ɗaya ta yi a ciki ta gudu, don kafin ta gama rubuta shekarunta mutum bakwai sun ce ta turo hoto, ɗaya ma data yake roƙo. Akwai ta manya, wadda ake cewa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata ne a ciki, kuɗinta kuwa sai wane da wane. Wadda ta kwanta mata a rai wata ce a tsakiya. Kuɗinta bai fi ƙarfinta ba, sai mutum ya nuna katin shaida kafin a karɓe shi, hoto a rufe yake sai duka biyun sun yarda, kuma mace tana sa wani babba na gidansu a cikin hirar, yana gani yana jin duk abin da aka faɗa. Mama ce Auta ta yi niyyar sawa a tata hirar.

Yaya ta taɓe baki ta ce, "Ke dai Auta talauci ya zauna miki a ƙwaƙwalwa. Araha ba ta ado. In mai kilas kike so, inda masu kilas suke za ki. Ni zan biya miki ta manyan, amma filis, don Allah kada ki soma rubuta kina da 'ya. A bari sai ya kamu tukuna."

Auta ta sa tafin hannu ta rufe kunnen hagun Ɗigo a hankali, kamar mai gyara mata gashi, sannan ta ce, "Yaya, kuɗin wata ɗaya a can batirin Ɗigo ne na wata uku. In kin biya wannan watan, wa zai biya na gaba? Kuma ni ba zan shiga gidan kowa da ƙarya ba."

Yaya ta ce ai ba ƙarya ba ce, dabara ce, kuma gaskiyar da ta hana ta aure shekara huɗu sai ta jiƙa ta sha. Mama ta ce su bi a hankali, ba ta goyi bayan kowa ba. Da la'asar, bayan motar Yaya ta tashi, Auta ta biya kuɗin wata uku a manhajar da ta zaɓa, ta sa wa Mama ita a waya, ta zauna ta rubuta bayaninta. Layin farko shi ne wannan: "Mijina ya rasu. Ina da 'ya mai shekara shida, tana ji da na'ura. Inda zan zauna, nan za ta zauna."

To, gaskiya dai ba ta da saurin kasuwa. Sati biyar shiru kake ji. Manhajar tana nuna mata yawan waɗanda suka leƙo, kullum adadin na ƙaruwa, amma ba wanda ya ce uffan. Duk zuwan Yaya, tun daga ƙofa za ta ce, "Mai kaya, ya kasuwa? Ko an taya?" Auta ta yi murmushi kawai, amma abin yana cin ta. A shago tana tsaye daga safe zuwa yamma, tururi na dukan fuskarta, tana goge rigunan mazan wasu, tana maƙala musu lamba a wuya tana sa su a leda, wani lokaci har ta tambayi kanta ko Yaya ce da gaskiya.

Ranar wata Talata tana cikin goge wata farar riga wayar ta yi ƙara. Ta jingine dutsen guga ta duba. Wani ne, shekararsa talatin da takwas, sana'arsa gyaran sikeli, na masu shaguna da na awon jarirai da na masu sayar da gwal. Bai taɓa aure ba, ya rubuta cewa jinyar kakarsa ce ta riƙe shi shekara tara har Allah ya karɓi abarsa. Ya fara da gaida Mama, tunda ya ga tana cikin hirar, sannan ya ce: "Na karanta abin da kika rubuta. Tambayata ɗaya kafin komai, ta wane kunne yarinyar ta fi ji? Ina so in san gefen da zan tsaya in Allah ya sa na zo gaishe ku."

Auta ta karanta sau uku. Shekara huɗu ana tambayarta ko abin yana warkewa, ko gado ne, ko na'urar na da tsada. Ba wanda ya taɓa tambayarta gefen da zai tsaya. Ta shige bayan rigunan da ke rataye ta yi kukanta, ta gode wa Allah. Da mai shago ya ga idonta ya yi ja, ta ce masa tururi ne.

Mama ce ta raɗa masa Mai Sikeli, sunan kuma ya bi shi. Da ya fahimci karatu bai zauna wa Mama ba, sai Auta ta dawo aiki take karanta mata hirar, ya daina rubutu ya koma saƙon murya, don kada a ce akwai abin da ya wuce tsohuwa ba ta ji da kunnenta ba. Magana yake yi a nutse, ba rawar kai, ba alkawarin gidan sama. Ya kan ba da labarin masu shagon da suke kawo masa sikeli a asirce su ce ya ɗan karkata musu shi, shi kuma ya ce gyara ya koya, bai koyi ɓatawa ba. Mama ta kan yi dariya har da tafa hannu. Amma da ta sa Auta ta tambaye shi ko yana da mota, ya ce keke ne da shi, dariyar ta ragu.

Wata guda ana haka, har an buɗe hoto kowa ya ga kowa, sai ga Yaya ta zo da albishir, bakinta har kunne. Ashe ba ta haƙura ba. Ta buɗe wa Auta shafi a manhajar manyan da wayarta, ta sa wani hoton Auta da ta ɗauka a gidanta, ta rubuta cewa ba ta da nauyin kowa, kuma ita ce take ta hira da sunan ƙanwarta. Yanzu ga wani mai shagunan kayan gini har uku ya ce ya gani yana so, zai zo gida ƙarshen wata. Shawarar Yaya ita ce Ɗigo ta zauna wurin Mama, in aure ya yi shekara a san yadda za a gaya masa.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta juya wurin Mama tana jiran ta tsawata, sai ta ga Mama ba fuskarta take kallo ba, ƙafafunta take kallo. Tsohuwar ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Auta, kina kallon 'yarki, ni ma tawa nake kallo. Ke ce Ɗigona. Har yaushe za ki yi ta tsayuwa a kan ƙafafun nan? In kin shiga gidan hutu, ni na huta."

Da faɗa Mama ta yi, da Auta ta san abin cewa. Amma wa zai yi musu da uwar da take kuka saboda shi? Tunda take ba ta taɓa ƙetare maganar Mama ba. Ta roƙi a ba ta sati guda ta yi tunani, ta shige ɗaki. Ɗigo ta biyo ta. Duk wannan magana Auta ta rufe mata kunne kamar yadda ta saba, ta manta yarinyar ta iya karanta leɓe. Ta tsaya a gaban uwar ta ce, "Ummi, tafiya za ki yi ki bar ni?" Auta ta rungume ta ƙam.

Ana kwana uku cikin satin nan Mama ta yi kuskuren da har gobe ake ba da labarinsa a gidan. Ita dai abin da ta sani a waya ɗaya ne, a danna maɓalli a yi magana a saki. Bayan azahar ta gama sauraron gaisuwar da Mai Sikeli ya aiko, hirar tana buɗe a gabanta, tunanin maganar Yaya ya taso mata. Ba ta fita daga inda take ba, ta danna ta kama magana, a zatonta babbar 'yarta take aika wa.

Auta na shago saƙon ya shigo. Ta kara wayar a kunne, ta ji muryar Mama tana cewa, "Ke Babba, maganar nan fa ta hana ni sukuni. Mai Sikelin nan yaron kirki ne, amma kirki ba ya sauke kumburin ƙafa, ko mota ba shi da ita. Zan ce ta sallame shi ta karɓi na wajenki. Yarinyar ni zan riƙe, ko da gwiwar nan ba ta barina in raka ta makaranta. Abin da ke ci mini rai, ran nan uwar ta yi lattin awa ɗaya, yarinyar nan ta tsaya a bakin ƙofa ta cire na'urar ta ƙi mayarwa, wai ba abin da take son ji. Ban san yadda zan yi da ita ba in uwar ta tafi. Ke dai kada ki gaya wa mutumin naki akwai ta."

Auta ta yi sauri ta nemi goge saƙon, sai ta ga alamar Mai Sikeli ya riga ya saurara. Ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ranar bai ce komai ba, washegari ma shiru. Mama ta kasa haɗa ido da kowa, sai cewa take wayar nan ta ci amanarta. Yaya kuwa cewa ta yi ai faɗuwa ta zo daidai da zama, an huta da sallama. Auta ta ci gaba da zuwa aiki tana gai da Mama yadda ta saba, ko sau ɗaya ba ta ɗaga mata murya ba, amma a ranta ta gama sallamawa cewa ta rasa mutumin da ya fara tambayar kunnen 'yarta.

A kwana na uku da safe, suna shan shayi, saƙonsa ya shigo, kuma Mama ya aiko wa. Auta ta ajiye wayar a tsakaninsu ta kunna.

"Mama, na ji saƙon da ba ni aka aiko wa ba, ki yafe mini da na saurara har ƙarshe. Na yi shiru ne don kada in yi magana rai a ɓace. Gaskiya kika faɗa, ba ni da mota. Ɗaki biyu da falo nake haya, ga shago, ba na kwana da yunwa, wanda yake hannuna ma ba zai kwana da ita ba. In kun zaɓi wancan, wallahi ba zan riƙe ku a raina ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, ko da ba ni ne mijin ba, kada ku raba yarinyar nan da uwarta. Ina da shekara bakwai mahaifiyata ta sake aure aka bar ni wurin kakata. Ta riƙe ni da kyau, ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba. Amma shekara talatin ke nan, Mama, har yau in na ga mace ta ɗauki jaka za ta fita, sai gabana ya faɗi. Shi ya sa da na ga ta rubuta inda za ta zauna nan 'yarta za ta zauna, ban jira ganin hoto ba na yi sallama."

Shayin Mama ya huce a hannunta. Ta ce a sake kunnawa, aka sake, ta ce a ƙara. Sannan ta ajiye kofin, ta jawo Ɗigo ta ɗora ta a kan gwiwar nan mai ciwo, ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido ta ce wa Auta, "Na so in sauke miki nauyin ƙafa in ɗora miki na zuciya. Ki yafe mini. Kira mini yayarki, wannan karon ke za ki danna, ni na tuba."

Da Yaya ta zo, Auta ta nemi lambar mai kayan ginin, ta kira shi a gabansu ta gaya masa komai da bakinta. Mutumin ya ce 'ya ai ba abin ɓoyewa ba ce, shi ma yana da uku, da an faɗa tun farko wataƙila da ba wani abu ba ne. Abin da ba zai iya ba shi ne ɗora gini a kan ƙarya. Ya tambaya, to da wa ya yi wata guda yana hira? Yaya mai bakin nan ta yi tsuru-tsuru, ta ɗauki jakarta ta fita ko sallama babu. Amma naka sai naka. Bayan kwana biyu ta dawo ba turare ba hayaniya, ta ajiye kwalin batirin na'ura a cinyar Auta, wanda zai kai su shekara, ta ce, "Sori, ƙanwata. So ne ya sa, hankali ne bai zo ba." Auta ta riƙe hannunta ta ce ta gode, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Ranar da Mai Sikeli ya zo gaisuwa, ya jingine kekensa a inda motar Yaya take tsayawa. Ya durƙusa ya gaida Mama, wadda kunya ta sa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ɗigo tana maƙale a jikin kujera tana leƙensa. Sai ya tashi ya zagaya ta bayan kujerar, ya dawo ta gefenta na hagu, ya durƙusa daidai tsayinta yadda za ta ga bakinsa. Ya ciro wani ɗan ƙaramin tsohon sikeli mai faranti biyu da ya goge yana ƙyalli, ya ba ta, ya ce wurinta ya zo neman izini. Yarinyar ta juya sikelin a hannu, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "In ka tafi da Ummi, ni fa?"

Ya ce, "Ɗakinki yana nan yana jiranki, fenti kawai ya rage. Ke za ki zaɓi kala."

Ta ce shuɗi take so. Ba a maimaita mata ko kalma ɗaya ba.

Maganar ƙafa ma bai manta ba. Kafin a ɗaura aure ya je shagon wankin ya auna tsayin teburin guga da awonsa, ya ƙera mata doguwar kujera mai wurin ɗora ƙafa, yadda za ta yi aikinta a zaune. Cikin sati uku kumburin ya saɓe. Mama ta duba ƙafafun nan ta ce ashe kirki yana sauke kumburi, ita ce ba ta sani ba.

'Yan mata da zawarawa, ga abin ɗauka a nan. In za ku nemi abokin zama, ko ta waya ko ta ƙofar gida, ku shiga inda aljihunku zai iya kuma inda ba za ku ji kunyar iyayenku su leƙo ba. Abin da kuke tsoron zai kori mutane, shi za ku fara faɗa, don wanda ya kora dama ba naku ba ne. Gaskiya takan jinkirta ciniki, amma ba ta kawo mai mayar da kaya. Auta ta yi haƙuri da shirun sati biyar, ta yi haƙuri da gorin yayarta, ba ta ɗaga wa uwarta murya ba, Allah kuma bai bar ta ba.

Ranar da za ta bar gidan Mama, Auta ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa. Ɗigo ba ta tsaya a bakin ƙofar ba, tana gaba da tata 'yar jakar a kafaɗa, na'urarta a kunne, sikelinta a hannu. Mai Sikeli ya tsaya yana kallon su biyun har Auta ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, yau ce rana ta farko da ya ga mace ta ɗauki jaka gabansa bai faɗi ba. Sannan ya zagaya ta gefen hagun yarinyar, ya kama hannunta, suka tafi gida.